Yadda malamai da jagororin unguwa za su inganta karatun yara maza baƙar fata a Amurka

A makarantun gwamnati na Amurka babu rukunin ɗalibai da ake yawan dakatarwa daga karatu kamar yara maza baƙar fata. Ba kasafai ake ganinsu a ajin haziƙai ba, kuma da yawansu sukan yi karatu tun daga aji ɗaya har aji goma sha biyu ba su taɓa zama gaban malami namiji ɗan'uwansu baƙar fata ba. An rubuta wannan jagora ne domin waɗanda abin ya dama kuma suke da niyyar taɓuka wani abu: malamin aji, shugaban makaranta, limami, fasto, kocin ƙwallo, mai shagon aski, uwa da uba. Maganar ta shafi iyalan da suka yi ƙaura daga Afirka ko tsibiran Karibiyan kamar yadda ta shafi jikokin waɗanda aka bautar, domin a takardun makaranta rukuni ɗaya ake saka su, kuma malamin da ya hango yaro a ƙofar aji bai san daga ina kakansa ya fito ba.

Akwai kuskuren da ake yawan yi tun a matakin farko. Mutanen kirki sukan taru su yanke cewa matsalar tana jikin yaron, sai su shirya masa wa'azin ranar Asabar, su koya masa sanya kwat da gaisuwa cikin ladabi, ranar Litinin kuma ya koma ajin da babu abin da ya sauya a cikinsa. Wa'azi yana da nasa amfanin, amma a ganina aikin yana farawa ne daga abubuwan da ke hannun manya: wa ake kora daga aji kuma a kan me, yaya ake koyar da karatu, wa ke tsaye a gaban allo, wa ake buɗe wa ƙofar manyan darussa. A 2018 masanin tattalin arziki Raj Chetty da abokan aikinsa sun bibiyi rayuwar miliyoyin Amurkawa, suka gano cewa a kashi 99 cikin 100 na unguwannin ƙasar, yaro baƙar fata yakan girma yana samun kuɗi ƙasa da takwaransa farar fata, ko da iyayensu samunsu ɗaya ne. Tsakanin 'yan mata ba a ga irin wannan giɓi ba. Talauci kaɗai bai isa ya bayyana wannan ba, akwai abin da yake faɗa wa yaran maza su kaɗai, kuma makaranta ita ce wurin da yaron ya fi daɗewa a hannun hukuma.

Ku fara da ƙidaya

Kafin ku kira taro ko ku raɗa wa shiri suna, ku nemi alƙaluman makarantarku. Ma'aikatar Ilimi ta tarayya tana tattara bayanai daga kowace makarantar gwamnati a kan horo, darussa da malamai, kowace jiha kuma tana da dokar da ta ba jama'a damar neman takardun hukuma a rubuce. Abin lura shi ne ku nemi a raba alƙaluman da launin fata da jinsi a lokaci guda. Idan aka ba ku na baƙar fata gaba ɗaya, ƙoƙarin 'yan mata zai lulluɓe halin da mazan suke ciki, idan kuma aka ba ku na maza gaba ɗaya, yawan sauran yara zai shanye su. Tambayoyin da suka fi muhimmanci ba su da yawa: yara nawa ne suka iya karatu daidai da ajinsu a ƙarshen aji uku, nawa aka dakatar kuma kwana nawa suka rasa, nawa suka yi fashin kashi 10 cikin 100 na kwanakin karatu, wato kimanin kwana 18 a shekara, nawa ke ajin haziƙai da ajin aljabara, wato lissafin da ake yi da haruffa, nawa kuma aka tura sashen masu buƙata ta musamman.

Shugaban makarantar da yake son sanin gaskiya zai ƙara zurfafawa, ya duba wane malami ne ya fi aika yara ofis, da wane lokaci na yini, kuma a ina abin ya faru. Sau da yawa za a tarar cewa kaso mai yawa na ƙorafin yana fitowa ne daga azuzuwa ƙalilan, ko daga baranda lokacin sauya darasi, ko daga ɗakin cin abinci. Manufar wannan ƙidaya ita ce a san inda za a kai taimako. Idan malamai suka ji cewa tarko ne na kama mai laifi, za su daina rubuta abin da ke faruwa, ku kuma ku rasa madubin da kuke dubawa. Bayan alƙaluma, ku zauna da yaran su kansu a ƙananan rukunai, ba a gaban malamin da ke ba su maki ba, ku tambaye su wane babba ne a makarantar ya san su da gaske. Yaron da ya kasa ambaton ko da mutum ɗaya, da shi ya kamata a fara.

Batun dakatarwa

A nan zan fi daɗewa, domin duk wani gyara da za a yi wa darasi ba zai amfani yaron da aka tura gida ba. Wani rahoto da ofishin binciken ayyukan gwamnati ya miƙa wa majalisar dokokin Amurka a 2018 ya nuna cewa ɗalibai baƙar fata kashi 15.5 ne cikin 100 na ɗaliban makarantun gwamnati, amma su ne kashi 39 na waɗanda aka dakatar. Abin yana farawa tun yaro bai iya ɗaura igiyar takalminsa ba. Alƙaluman da Ma'aikatar Ilimi ta fitar a 2014 sun nuna cewa a ajin share fage yara baƙar fata kashi 18 ne, amma su ne kashi 48 na waɗanda aka dakatar fiye da sau ɗaya.

Wasu za su ce ai yaran ne suka fi rashin ji. Bincike biyu sun isa su sa mutum ya sake tunani. A 2016 Walter Gilliam na Jami'ar Yale ya nuna wa malaman ajin share fage bidiyon yara huɗu suna wasa, aka ce musu su lura da alamun fitina, alhali babu yaron da ya yi laifin komai a bidiyon. Na'urar da ke bin motsin ido ta nuna cewa yaro namiji baƙar fata aka fi tsura wa ido. Shekara biyu kafin nan, Phillip Atiba Goff da abokan aikinsa sun gano cewa daga shekara goma zuwa sama mutane sukan ƙara wa yara maza baƙar fata shekaru idan suka kintaci shekarunsu, har fiye da shekara huɗu, suna kuma ɗora musu alhakin da ba sa ɗora wa sa'o'insu. Wanda aka fi sa wa ido shi za a fi kamawa da laifi, wanda kuma ake yi wa kallon saurayi ba za a yi masa uzurin yarinta ba.

Matakin farko shi ne ku karanta kundin dokokin horo na gundumarku, wato hukumar da ke kula da makarantun yankinku, layi bayan layi, ku ware laifuffukan da kowa zai iya gani, kamar zuwa da makami ko duka, daga waɗanda suka dogara da fassarar malami, kamar taurin kai, rashin ladabi da tsiwa. A rukuni na biyun ne son rai yake samun wurin shiga. Gundumar Los Angeles ta hana dakatar da ɗalibi saboda taurin kai kawai tun 2013, daga baya jihar Kalifoniya ta bi sahu a matakai, ta fara da ƙananan azuzuwa har ta kai ga sakandare. Ku nemi hukumar makarantunku ta yi irin wannan, ta kuma rubuta matakan da dole malami ya bi kafin ya fitar da yaro: magana da shi a keɓe, kiran gida, zama da jami'in ba da shawara.

Sai dai sauya doka kawai yana iya barin malami a aji da yara talatin ba tare da wata dabara a hannunsa ba, wannan kuma zalunci ne a kansa da kan sauran ɗalibai. Makarantu da yawa sun rungumi tsarin sulhu, inda ake zaunar da wanda ya yi laifi da wanda aka yi wa, a ji ta bakin kowa, a amince da yadda za a gyara ɓarnar. Cibiyar bincike ta RAND ta auna wannan tsari a makarantun birnin Pittsburgh, rahotonta na 2018 ya nuna cewa dakatarwa ta ragu, amma a azuzuwan tsakiya, wato aji shida zuwa takwas, sakamakon karatu ya ja baya. Abin da na ɗauka daga wannan shi ne sulhu aiki ne mai cin lokaci, yana buƙatar ma'aikaci na musamman da aka horar kuma ake biyansa, kada a ɗora shi a kan malamin da sa'o'insa suka riga suka cika. Akwai kuma hanya mai sauƙin kuɗi da ta ba da mamaki. Jason Okonofua da abokan aikinsa a Jami'ar Stanford sun ba malaman lissafi na wasu makarantun Kalifoniya ɗan gajeren darasi ta intanet a kan yadda za su ɗauki horo a matsayin hanyar riƙe dangantaka da yaro, su nemi sanin dalilin abin da ya yi kafin su yanke hukunci. Sakamakon da aka buga a 2016 ya nuna cewa dakatarwa a tsakanin ɗaliban waɗannan malamai ta sauko daga kashi 9.6 zuwa 4.8 cikin 100.

Jagororin unguwa su koya wa iyaye haƙƙinsu. Tun hukuncin Kotun Ƙoli na 1975 a shari'ar Goss da Lopez, dole ne a faɗa wa ɗalibi laifin da ake tuhumarsa da shi, a kuma ba shi damar kare kansa kafin a dakatar da shi. Yaron da ke da shaidar buƙata ta musamman, idan za a fitar da shi fiye da kwana goma, dokar tarayya ta wajabta a zauna a duba ko abin da ya yi yana da nasaba da lalurarsa. Ku kuma yi hattara da dakatarwar da ba a rubutawa, wato a buga wa uwa waya da tsakar rana a ce ta zo ta ɗauki ɗanta ya huce a gida. Yaron ya rasa darasi, uwar ta rasa kuɗin aikin yini, a takarda kuma babu abin da ya faru. Duk lokacin da aka yi irin wannan kira, uwa ta nemi a ba ta dalilin a rubuce. Ranar da yaro zai dawo daga dakatarwa, wani babba ya tarbe shi, a ba shi aikin da ya wuce shi, a kuma sasanta shi da malamin da suka saɓa, domin komawa aji ba tare da wannan ba shi ne yake haifar da dakatarwa ta biyu.

Karatu kafin ƙarshen aji uku

Yawancin abin da ake kira rashin ji a aji biyar, idan aka bi sawunsa, za a tarar yaro ne da bai iya karanta abin da ke gabansa ba, ya gwammace a kore shi da a ce ya karanta a gaban abokansa. Binciken da Donald Hernandez ya fitar a 2011 ya nuna cewa yaron da bai ƙware a karatu ba a ƙarshen aji uku, haɗarin ya kasa gama sakandare a kan lokaci ya ninka na wanda ya ƙware sau huɗu. Saboda haka ku tambayi makarantar firamare yadda take koyar da karatu. Amsar da kuke nema ita ce ana koyar da sautin haruffa da haɗa su a jere, kowace rana, daga mai sauƙi zuwa mai wuya, ana kuma gwada kowane yaro sau da yawa a shekara domin a gano wanda ya fara ja baya. Idan aka ce muku yara suna kallon hoto su kintaci kalma, to akwai gyara. Jihar Misisipi, wadda take cikin mafi talauci a ƙasar kuma kusan rabin ɗalibanta baƙar fata ne, ta kafa dokar karatu a 2013, ta sake horar da malamanta, ta tura ƙwararru makarantun da suka fi rauni. A jarrabawar ƙasa ta karatun aji huɗu ta tashi daga matsayi na 49 a 2013 zuwa na 29 a 2019.

Malami ya kuma san cewa Ingilishin da yara baƙar fata da yawa ke yi a gida karin harshe ne mai ƙa'idojinsa. Yaron da ya furta kalma yadda ake furta ta a gidansu bai yi kuskuren karatu ba, kuma malamin da yake katse shi a kowace jimla zai kashe masa sha'awar buɗe baki. A koya masa daidaitaccen Ingilishi a matsayin ƙari a kan abin da ya zo da shi.

A nan unguwa tana da rawar da makaranta ba za ta iya takawa ba. A 2013 wani tsohon malamin firamare, Alvin Irby, ya fara ajiye kantocin littattafan yara a shagunan aski na Harlem a New York, shirin da ake kira Barbershop Books, domin yaro ya ga littafi a wurin da maza manya suke taruwa, ya ji mai aski yana tambayarsa abin da ya karanta. Masallaci, coci da kulob ɗin ƙwallo duk za su iya yin kwatankwacin haka, musamman a dogon hutun bazara da karatun yara yake zubewa. A bar yaron ya zaɓi littafin da kansa, ko na barkwanci ne ko na motoci, kada kowane littafi da za a miƙa masa ya zama na bauta da wahala.

Wanda ke gaban allo

Ƙarancin malamai baƙar fata yana da tarihi. Bayan hukuncin Kotun Ƙoli na 1954 da ya haramta raba makarantu bisa launin fata, an rufe makarantun baƙar fata da yawa a jihohin kudu, dubban malamansu da shugabanninsu suka rasa aiki, kuma har yau ba a cike wannan gurbi ba. Maza baƙar fata ba su wuce kashi 2 cikin 100 na malaman makarantun gwamnati ba. Seth Gershenson da Nicholas Papageorge da abokan aikinsu sun duba bayanan jihar Karolina ta Arewa, suka bayyana a 2017 cewa yaro namiji baƙar fata ɗan gidan talakawa, idan ya samu malami baƙar fata ko da guda ɗaya tsakanin aji uku da aji biyar, haɗarin ya bar makaranta yakan ragu da kashi 39 cikin 100. Wannan abu ne da shugaban makaranta zai iya amfani da shi tun bana ba tare da ya ɗauki sabon ma'aikaci ba: lokacin raba ɗalibai zuwa azuzuwa, ya tabbatar kowane yaro ya ratsa hannun irin wannan malami ko sau ɗaya.

Wajen ɗaukar sababbi, ku duba kusa kafin nesa. Mataimakan malamai, masu horar da 'yan wasa da ma'aikatan shirye-shiryen bayan tashi daga makaranta sun riga sun san yaran, abin da ya rage musu shi ne takardar shaidar koyarwa, kuma gunduma za ta iya biya musu kuɗin karatun suna ci gaba da aikinsu. Shirin Call Me MISTER, wanda aka fara a 2000 a Jami'ar Clemson tare da wasu kwalejojin baƙar fata uku na jihar Karolina ta Kudu, yana tallafa wa samari da kuɗin karatu da jagoranci har su zama malaman firamare, ya kuma bazu zuwa wasu jihohi. Amma ɗauka ba tare da riƙewa ba zuba ruwa ne a kwando. Abin da ya fi korar waɗannan malamai shi ne a mayar da su dogarai: duk yaron da ya gagara sai a tura musu, duk faɗan da ya tashi sai a kira su, ba a kuma tuna su idan ana neman wanda zai koyar da ajin haziƙai ko ya shugabanci sashe. Idan malamin lissafi kuka ɗauka, ku bar shi ya koyar da lissafi.

Duk da haka mafi yawan malaman da yaron zai haɗu da su farar fata ne, galibinsu mata, kuma da yawansu suna son yin abin da ya dace. Abin da ya fi cutar da yaro daga wajensu sau da yawa tausayi ne da ya zarce ya zama rage masa buri, a yaba masa a kan aikin da bai kai ba. David Yeager da Geoffrey Cohen da abokan aikinsu sun gwada wani abu a aji bakwai: malami ya gyara rubutun ɗalibi da tsanani kamar kullum, sai a maƙala 'yar takarda da ke cewa ya yi waɗannan gyare-gyare ne domin ma'auninsa yana da tsawo kuma ya san ɗalibin zai iya kaiwa. A cikin ɗalibai baƙar fata, waɗanda suka sake rubuta aikinsu sun haura kashi 70 cikin 100, alhali a rukunin da bai samu wannan saƙo ba kashi 17 ne kawai. Sharaɗin shi ne malamin ya faɗi hakan da gaske, ya kuma ba da taimakon da zai sa a kai ga ma'aunin.

Ƙofar manyan darussa

Muddin shiga ajin haziƙai ya dogara da malami ya ambaci sunan yaro ko iyaye su matsa, yara maza baƙar fata za su ci gaba da zama a waje. Lokacin da gundumar Broward a jihar Fulorida ta fara gwada dukkan 'yan aji biyu a 2005, adadin yara baƙar fata da aka gano suna da hazaƙa ya ƙaru ƙwarai, ba tare da yaran sun sauya ba. Ku nemi a gwada kowa. Haka kuma a aljabara da manyan darussan sakandare, ku nemi duk wanda makinsa ya kai a saka shi kai tsaye, sai dai in iyayensa ne suka ce a cire shi.

Aji tara, wato shekarar farko ta babbar sakandare, shi ne mararraba. Masu bincike na Jami'ar Shikago sun gano cewa ɗalibin da ya gama wannan shekara da cikakkun darussa biyar, bai kuma faɗi fiye da sau ɗaya a manyan darussa ba, damarsa ta gama sakandare ta ninka ta wanda bai cika wannan ba fiye da sau uku. Malaman aji tara su riƙa zama duk mako da jerin sunaye, su duba wa ya fara fashi, wa makinsa ya fara sauka, a bi shi a makon, kada a jira sakamakon zango. Ga wanda ya riga ya yi nisa a baya, abin da aka tabbatar yana aiki shi ne ƙarin darasi na kullum a cikin lokacin makaranta, mai koyarwa ɗaya da ɗalibai biyu, irin wanda aka gwada a sakandaren Shikago tun 2013 kuma ya ɗaga sakamakon lissafi sosai.

Idan za ku kafa shiri na musamman

A 2010 gundumar Oakland ta buɗe ofishi na musamman domin ci gaban yara maza baƙar fata, ƙarƙashin jagorancin Chris Chatmon. Ginshiƙinsa darasi ne da ake yi a cikin jadawalin makaranta, maza baƙar fata ke koyar da shi, ya haɗa tarihi, shawara a kan karatu da bibiyar makin kowane yaro. Thomas Dee da Emily Penner sun auna shi a 2019, suka tarar yawan masu barin makaranta a shekara ya sauko daga kashi 8.5 zuwa 4.9 cikin 100. A Shikago kuma, shirin Becoming a Man yana tara samari sau ɗaya a mako da ƙwararren mai ba da shawara, suna koyon yadda mutum zai dakata ya auna yanayi kafin ya mayar da martani. Gwajin da Jami'ar Shikago ta yi ya nuna cewa kama su da laifin tashin hankali ya ragu da kusan rabi a lokacin da suke cikin shirin. Abin da ya haɗa shirye-shiryen biyu shi ne ana yin su a ranakun karatu, masu gudanar da su ma'aikata ne da aka horar, kuma yaran ba sa ɗaukar shigarsu a matsayin horo. Ku cakuɗa masu ƙoƙari da masu rauni, domin ajin da aka tara waɗanda suka gagara kaɗai kowa zai san sunansa na gaskiya.

Game da haɗa yaro da babban da zai riƙa yi masa jagora, ku yi hankali da ɗaukar alkawarin da ba za a cika ba. Binciken Jean Grossman da Jean Rhodes ya nuna cewa amfanin ya fi bayyana idan dangantakar ta kai shekara, wadda kuma ta mutu kafin wata uku tana barin yaron cikin halin da ya fi na da muni. Gara mutum goma da za su tsaya da mutum hamsin da za su ɓace bayan bikin buɗewa. A binciki tarihin kowane ɗan sa-kai kafin a ba shi yaro, a kuma riƙa haɗuwa a wurin da wasu ke gani.

Iyaye, doka da kasafi

Kada kiran farko da uwa za ta samu daga makaranta ya zama na ƙorafi. Malami ya kira gida a makonnin farko da labari mai daɗi, ya kuma nemi lambar uba ko kawu ko kaka, domin makarantu da yawa sukan ɗauka cewa babu namiji a rayuwar yaron ba tare da sun tambaya ba. Tsarin ziyarar malamai zuwa gida da aka fara a Sacramento a 1998 ya ginu ne a kan amincewar ɓangarorin biyu, malamai su je su biyu, su fara da tambayar iyaye burinsu a kan ɗansu. Gundumar da ke karɓar fiye da dala 500,000 daga tallafin tarayya na makarantun talakawa, doka ta wajabta mata ware aƙalla kashi 1 cikin 100 domin hulɗa da iyaye, kuma iyaye suna da bakin magana a kan yadda za a kashe shi. Ku tambayi inda naku yake tafiya.

Tun hukuncin Kotun Ƙoli na 2023 da ya hana jami'o'i la'akari da launin fata wajen ɗaukar ɗalibai, ana ƙara sa ido a kan duk shirin gwamnati da ya keɓe masu wani launin fata. Saboda haka ku tsara shirinku a kan buƙatun da alƙaluma suka nuna, ku bar ƙofarsa a buɗe ga duk ɗalibin da yake so, ku kuma nuna wa lauyan gunduma takardunku tun kafin a fara. Ajin maza zalla a makarantar gwamnati dole ya zama na ganin dama, a kuma tanadar wa sauran ɗalibai kwatankwacinsa.

Shirye-shirye masu kyau da yawa sun mutu ne ranar da tallafin wata gidauniya ya ƙare ko wanda ya kafa su ya sauya aiki. Kariya daga wannan tana hannun hukumar makarantu ta gunduma, wadda a mafi yawan wurare zaɓenta ake yi, kuma mutane ƙalilan ne ke fita zaɓen. Shekarar kuɗi ta yawancin gundumomi tana farawa ne ranar 1 ga Yuli, don haka a watannin da suka gabace ta ake muhawarar kasafi, a lokacin ne ya kamata a gan ku. Ku je da buƙatu uku a rubuce: a saka shirin a cikin kasafin gunduma na dindindin, a naɗa ma'aikaci mai albashi da zai amsa tambaya a kansa, a kuma riƙa gabatar da alƙaluman yaran a bainar jama'a kowane zango. Mai magana a zaman hukumar yakan samu minti biyu ko uku ne kawai, don haka ku raba batutuwan tsakaninku tun daga gida, ku sa ɗaya daga cikin yaran da mahaifinsa ko mahaifiyarsa su yi magana da bakinsu, kuma kafin ku tashi ku nemi a rubuta a kundin zaman ranar da za a ba ku amsa.